Ranar da Na Sa Usur a Aljihu

Ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka gwada sabon tsarin gasa a filinmu ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake kamar jiya aka yi abin. Ku sababbin alƙalai kuna yi mini dariya don ba na cire usur daga bakina muddin akwai mutum ɗaya a cikin fili. Na ji ma wani cikinku ya ce da shi nake kwana. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali, in kun ji sai ku ci gaba da dariyar in za ku iya.

Farkon shekarun dubu biyu ne. Ina aiki a wata gonar dabino a arewacin Madina, can gaba da Bani Harisa in ka bar gidaje a baya. Mai gonar Ammi Salih ne, dattijo, jikan mutanen da suka zo aikin Hajji daga ƙasar Kano suka yi zamansu. Ya ware wani ɓangare na gonar ya mai da shi filin wasan harbin fenti. Ni na fara ne daga mai cika tukwanen iska, a hankali na zama shugaban alƙalai, da mutum biyu a ƙarƙashina.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiya biyu ce, kowa da bindiga mai aiki da iska, tana harba 'yan ƙwallaye cike da fenti waɗanda ba su fi 'ya'yan magarya girma sosai ba. In ƙwallo ya fashe a jikinka, ka fita. A jiki zafi ne kawai da ɗan shati na kwana biyu. A ido kuwa ba a magana. Shi ya sa babbar dokar wasan ita ce garkuwar fuska: ba a ɗaga ta a cikin fili sai alƙali ya busa usur an toshe bakin kowace bindiga. Mutane suna zaton aikin alƙali ƙirga maki ne. Aikinsa tsaron idon mutane ne, ƙirgan maki ƙari ne.

Muna kuma da wata al'ada tamu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Akwai ɗan masallaci a bayan katangar gonar, kuma da an kira salla wasa ya tsaya, ko da mutum saura taku ɗaya ya ɗauki tuta. Ladanin wurin yana da wata ɗabi'a, kafin ya buɗe baki sai ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu da yatsa. Da na ji ƙwas, ƙwas, sai in busa. Kafin ya ce Allahu Akbar bindigogi sun sauka. Shekara da shekaru haka muke yi, har usur da kiran salla suka zama abu ɗaya a kan 'yan wasanmu. Da sun ji muryar ladan sai hannu ya tafi fuska, ba mai tsayawa ya tambayi kansa ko ya ji usur. Na san da haka. Alfahari ma nake yi da shi, ina cewa a filina ba a jan mutum zuwa sahu.

Sai aka kawo mana Ustaz Faisal, mijin 'yar Ammi Salih, a matsayin mudir, wato manajan filin. Matashi ne mai kai, ba zan hana shi wannan ba. Ya je Jidda ya ga yadda ake gasa a can, ya dawo da faifan bidiyo da takardu da zumuɗi. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, don haka zan juya muku maganarsa yadda na ji ta.

Ya tara shugabannin ƙungiyoyin da ke wasa a wurinmu da mu alƙalai a zauren gonar, aka kawo shayi da dabino, aka kunna faifan. Tsarinmu na da, mutum goma-goma ne cikin itatuwa da ramukan ban ruwa, ana yin rabin awa, wanda ya ɗauko tutar abokin gaba ya ci. Nasa tsarin, a share fili a kewaye shi da raga, a jera mafakai na roba waɗanda ake hura wa iska, a yi biyar-biyar, kowane zagaye 'yan mintoci, agogo yana tafiya, 'yan kallo suna gani daga bayan raga.

"Wasanku ba mai ganinsa," in ji shi. "Mutum ashirin su shige cikin dabino, bayan rabin awa su fito suna rantse-rantse, kowa bai yarda an same shi ba. Wannan gasa ce ko wasan ɓuya? Nan da 'yan shekaru duk wanda bai koma sabon nizami ba, wannan tsarin da kuka gani, ba wanda zai gayyace shi."

Jinina ya hau. Ni na haƙa ramukan nan, ni na jera buhunan yashi, na san kowace bishiya a wurin. Yaro ya je Jidda kwana uku ya dawo yana kiran aikina wasan ɓuya. Na ce mafakan nan nasa katifun iska ne, na 'yan hutu. Ya yi maganar biyar-biyar, na ce sauran mutanen fa, su zauna su tafa? Ya yi maganar bindigogi masu saurin harbi, na ce wannan feshi ne ba saiti ba, makaho ma zai ci. Ya ce za a canza launin riguna, wallahi har a kan launin riguna sai da na yi gardama.

Wanda ya tashi ya ba ni amsa shi ne Idris, mutumin Chadi, shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu. Mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a unguwar Anbariyya, magidanci mai 'ya'ya uku. Duk mako yana sunkuye da ɗan madubin nan na masu gyara manne a idonsa na dama, yana tsintar ƙarafan da ni ko ganinsu ba na yi, ranar Alhamis kuma ya zo ya yi gudu cikin dabino ya warware jiki. Ba ni da ɗan wasan da ya fi shi saiti, kuma ba ni da wanda ya fi shi bin doka.

"Yaya Haruna, yi haƙuri, maganar Ustaz mazbut ce, daidai take," ya ce. "Sau nawa nake samun mutum ya goge fentin a jikin dabino ya ce bai ji komai ba? Ku uku ne, itatuwa ba iyaka, yaya za ku gani? Ni ina so yarana su zo su gan ni ina ci da idonsu, ba in koma gida in ba su labari su ce Baba ya ƙara gishiri ba."

Aka yi dariya, ban da ni.

Mun kusa awa biyu ana wannan ja-in-ja kafin Faisal ya kai layin ƙarshe na takardarsa. A sabon tsarin, alƙalin fili ba ya tsayar da wasa. Nasa kawai ya nuna wanda aka samu ya fitar da shi da hannu. Farawa da tsayarwa na masu tebur ne, su ke riƙe da agogo da ƙararrawa. Dalilinsu shi ne kada alƙalin gida ya ga 'yan garinsu sun shiga matsi ya busa ya cece su.

Na ce, "Kiran salla fa?"

Ya ce, "Tebur zai tsayar."

Na buɗe baki zan yi bayanin ladan da ƙwanƙwasa da yadda mutanenmu suka saba, sai Ammi Salih ya ɗaga hannu, ya kira ni da alkunyata. "Abu Safwan, halas, ya isa haka. Tun ɗazu komai a'a, komai a'a. Ka bari a gwada sau ɗaya mana, ɗana. In bai yi ba dabino ba gudu za su yi ba."

Ga inda nake jin haushin kaina. A duk surutun da na yi ranar, magana ɗaya ce tak mai nauyi, kuma na zo da ita bayan na gajiyar da kunnen kowa a kan katifu da launin riga. Ba wanda ya bambance ta da sauran. Ni kuma maimakon in tsaya a kanta, sai na yi fushi na kaɗa riga na ce, "To ku yi yadda kuka ga dama." Na fita ban ko shanye shayina ba.

Bayan mako uku kaya suka iso, aka gayyato wata ƙungiya daga Jidda don wasan gwaji da ƙungiyar Idris. An tsara a fara da an idar da azahar, a gama da sauran lokaci kafin la'asar. Amma injin hura iskar da aka samo ba shi da ƙarfi, ɗaya daga cikin mafakan kuma ta zo da huda, sai da aka nemo faci. Lokaci ya yi ta tafiya. An kafa tebur a ƙarƙashin rumfa, kuma don igiyar wutar ba ta da tsawo, aka ajiye janareta a gefen rumfar, yana ta ruri a kunnen masu agogo. Na gani da idona, ban ce komai ba, don har lokacin ina cikin fushina na ku yi yadda kuka ga dama.

Kafin a fara, shugaban 'yan Jidda ya hango usur a wuyana ya yi wa Faisal magana. Faisal ya zo ya ce, "Abu Safwan, cire wannan, ba ya cikin nizami." Na cire na cusa a aljihun wando, ƙarƙashin rigar alƙalanci, ga safar hannu mai kauri a hannuna.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, wasan ya yi kyau. Mutane sun cika bayan raga suna ihu, yaran Idris suna tsalle, duk wanda aka samu kowa ya gani, ba gardama. Ana gab da ƙarewa maki suka zo ɗaya. Na dubi inuwar katanga, na je wurin Faisal na ce, "Ustaz, la'asar za ta same mu a fili."

"Zagaye biyu suka rage, mintoci ne. Yalla, maza koma wurinka."

Na koma. Aka kaɗa ƙararrawa, aka shiga. Cikin ɗan lokaci aka fitar da mutum uku-uku, saura biyu-biyu. Idris yana kwance bayan wata doguwar mafaka, ni ina tsaye taku kaɗan daga gefensa. Wani ɗan Jidda yana lallaɓowa ta ɗaya gefen, Idris bai gan shi ba.

Sai na ji ƙwas, ƙwas.

Na ɗaga kai. Hannuna ya tafi wuya, ba komai a wurin. Na san usur yana aljihu, kuma ko ba shi ina da baki, ina da ƙafa, zan iya faɗawa tsakaninsu. Me na yi? Na juya na dubi tebur. Na tsaya ina jiran izini daga mutanen da janareta ya toshe wa kunne, idonsu a kan agogo. Ladan ya ce Allahu Akbar. Idris ya sauke bindiga, ya tashi zaune, ya ɗaga garkuwa sama yadda ya saba yi shekara huɗu. Ɗan Jiddan ya zagayo mafakar da yatsa a kan kunamar bindiga. Shi a wurinsu ƙararrawa kaɗai ke tsayar da wasa, kuma ba a taɓa kiran salla yana tsakiyar zagaye ba, don suna tsara lokacinsu. Ƙwallo uku ya saki. Biyu a ƙirji, ɗaya a idon dama.

Sai a lokacin na yi ihu. Sai a lokacin ƙararrawa ta kaɗa.

Ba zan ba ku labarin yadda fuskarsa ta koma ba. Fentin ruwan lemo ne, ya haɗu da jini. Wanda ya yi harbin ya jefar da bindiga ya durƙusa yana kuka yana rantsuwa bai ga an ɗaga ba, kuma na yarda da shi, har yau ban taɓa ganin laifinsa ba. Muka sa Idris a motar Faisal, ni ina riƙe da kansa a kujerar baya. Abin da yake ta maimaitawa a hanya shi ne, "Yaya, na dama ne? Na aiki ne?" Na ce ya yi shiru likita zai duba. A barandar asibiti na yi la'asar ɗin. An yi masa aiki, idon bai fita ba, amma abin da ya rage masa haske da duhu ne kawai.

Bayan wata guda Ammi Salih ya sake kiran taro a zauren nan, don a yanke hukunci a kan tsarin. Idris ya zo, da auduga a ido da baƙin tabarau a kai, ya zauna kusa da ƙofa. Faisal ya miƙe ya karanta rahoton da ya rubuta. Layin farko ya ce ɗan wasa ya ɗaga garkuwa kafin ƙararrawa, ya saɓa nizami.

Ban san lokacin da na tashi ba. Da Hausa na yi masa, a gaban surukinsa, na san yana jin kowace kalma.

"Nizami? Mutum yana zaune nan da ido ɗaya kana karanta masa nizami? Wa ya dasa tebur a bakin janareta? Wa na ce wa la'asar za ta same mu ya ce mini yalla? Wa ya cire mini usur don kada baƙi su ji haushi? Ka kwaso tsarin mutane daga faifai ka zube mana, ba ka tambayi kowa yadda mutanen nan suke ba. Kai ko kunya ba ka ji? Ammi, wallahi ko a sace iskar katifun nan a ƙona su a koma cikin dabino, ko a nemi wani alƙalin!"

Ina haki. Faisal ya sunkuyar da kai. Na ga shugabannin ƙungiyoyi suna gyaɗa kai, na san in aka ƙirga hannu a lokacin na ci, an binne sabon tsarin.

Sai Idris ya yi gyaran murya.

"Yaya Haruna, ka gama?" Muryarsa a hankali, ba faɗa a ciki. "Ni na ɗaga, sahih, ba musu. Shekara huɗu ina ɗagawa in an kira salla, ba ka taɓa ce mini kada in yi ba, don kullum usur ɗinka ya riga ni. Ran nan ina kwance ina ganinka. Da ladan ya ƙwanƙwasa na ga ka ɗaga kai. Na ce halas, Yaya ya ji. Ni ban dubi tebur ba, ban ma san inda yake ba. Kai na duba."

Na koma na zauna.

"Ba don in kunyata ka na faɗa ba," ya ce. "Abin da Allah Ya rubuta ya faru. Amma robobin nan ba su yi mini komai ba, a bar su. Yarana sun gan ni ina wasa, ko da sau ɗaya ne. Ku gyara abin da ya lalace, kada ku rushe wanda bai lalace ba don ku huce."

Ammi Salih ne ya yanke. Aka karɓi sabon tsarin, biyar-biyar da raga da agogo, shi ne wanda kuke alƙalanci a kai yau. Aka ƙara abu uku. Duk alƙalin da ke cikin fili yana da ikon tsayar da wasa, kuma in ya tsayar ba mai tambayarsa dalili sai an toshe bindigogi. Ba a fara zagaye in lokacin salla ya matso. Na ukun shi ya fi ba ni wahala, sai da na shafe watanni ina cire wa tsofaffin 'yan wasa ɗabi'ar da ni na bari ta shige su: ko an kira salla, garkuwa tana fuska har sai na ce a ɗaga. Ammi ya karɓi rahoton Faisal ya ninke ya sa a aljihu, ba a sake jin labarinsa ba. Faisal ya riƙa zuwa gidan Idris, na sani, amma bai taɓa miƙewa a gaban mutanen da ya karanta wa takardar nan ya ce ya yi kuskure ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Na ji ana ta sabuwar gardama yanzu, wasu suna so a rage mintoci, wasu suna so a ƙayyade saurin harbi. Ku yi gardamarku, haka sana'ar take, tsari yana zuwa yana wucewa. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in za ka yi faɗa a taro ka san wanne ne faɗan gaske ka ajiye masa ƙarfinka, kuma in an kayar da kai kada ka shiga fili da fushi. Ɗan wasa ba takarda yake karantawa a bayan mafaka ba. Abin da jikinsa ya saba shi yake yi, kuma alƙalin da ke kusa da shi yake kallo.

Idris bai sake wasa ba. Shagon yana nan a Anbariyya. Ya koyi aiki da idon hagu, amma ƙananan agogunan mata da ya yi suna a kansu ya daina karɓa, sai canjin batir da agogon bango. Ni nawa can nake kai wa, ko ba abin da ya same shi. Yakan karɓa ya ce, "Yaya, zauna a kawo shayi," sannan ya ɗauki ɗan madubin. Har yau idon dama hannunsa yake fara kai shi, sai ya tuna ya mayar hagu.

Ku tashi, ƙungiyoyi sun iso. Kowa ya sa usur ɗinsa a baki kafin a buɗe raga.